Ranar da Na Katse Maigida

Na fi shekara goma sha biyar ina yi wa maigidana amshi. Mawaƙin kalangu ne, mutumin Gwaram. A zamaninsa, daga Sara har Maruta, da wuya a yi biki ba a aiko masa da goro ba. Da masu fiyano suka shigo, sai aka daina aikowa. Ya koma gonarsa, na koma tawa, makaɗa suka watse.

Ya riga ya tsufa sa'ad da wani ya kwafi tsohon kaset ɗinsa ya sa a waya. Kafin damina ta wuce, 'yan acaɓa a Birnin Kudu sun haddace waƙarsa ta manoman gero. Sai dai abin da ke yawo a waya bai cika ba. A ƙarshen waƙar akwai baitin zambo da ya yi wa wani dillalin hatsi da ya taɓa korar mu daga ƙofar gidansa. Ya kira shi mai mudu biyu, na saye daban, na sayarwa daban. Kaset ɗin ya yanke kafin nan.

Gayyata ta farko daga Birnin Kudu ta zo. Da yake ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ni maigida ya miƙa wa katin. Na bi shi da yatsa a hankali. Da na kai sunan uban ango, na sake karantawa. Ɗan dillalin nan ne. Shi dillalin ya daɗe da rasuwa.

Na ce, "Baba, gidan mai hatsin nan ne fa."

Ya ce, "To sai me? Ka ga na yi kama da mahaukaci? Zan tsallake wurin."

Amma da muka yi gwaji a zaurensa, sau biyu yana faɗawa cikin baitin bai sani ba. In waƙa ta ɗauke shi, bakinsa tsohuwar hanya yake bi. Da na gaya masa, ya ce kunnena ne ya tsufa.

A sana'armu ɗan amshi ba ya buɗe baki sai maigida ya dire baiti. A gabana ya taɓa korar wani saboda haka.

Ranar bikin, bayan la'asar, aka tsayar da mu gaban rumfa. Alhaji uban ango da 'yan'uwansa suna kujerun gaba, matasa duk sun ɗaga wayoyi. Na san in baitin ya fita, kafin magariba ya zaga gari, kuma ba wanda zai ƙara gayyatar tsohon da ya zagi mamaci a gaban 'ya'yansa.

Na raɗa wa mai kalangu, "In ka ji na shiga, ka ɗaga kiɗa."

Ya ce, "Zan ɗaga. Amma kai za ka sha zagin, ba ni ba."

Muryar maigida ta sirance, amma daɗinta na nan. Mata suka yi guɗa, aka fara liƙi. Ni ƙirga baitoci kawai nake yi. Saura biyu. Saura ɗaya. Sai na ga ya lumshe ido ya karkatar da kai, alamar ya tafi ke nan.

Ya ce, "Mai mudu..."

Na afka da amshi iya ƙarfina. Kalangu ya tashi, sauran 'yan amshi suka biyo ni a rikice. Maigida ya juyo ya zuba mini ido. Ya ja numfashi zai sake, na sake danne shi. Yayan Alhaji ya sunkuyo yana tambayar na kusa da shi wani abu. Sau uku ina maimaita amshin, maƙogwarona kamar zai tsage, kafin maigida ya haƙura da baitin ya shiga gaishe da ango.

Aka tashi, muka shiga mota. Sai da muka sauka a Gwaram ya ce, "A gaban mutane?"

Na ce, "Baba, baitin ne ya taho."

"Na ji shi. Ni ma na ji shi." Ya gyara hularsa. "Duk da haka, kada ka zo gobe."

Gayyata ta ci gaba da zuwa masa, har daga Dutse. Ni ban ƙara tsayawa bayansa ba. Da kaka, wanda ya maye gurbina ya same ni a gona ina yankan gero. Ya ce Baba ne ya turo shi, wai in nuna masa daidai inda zai shiga.