Ranar da Inna ta koya mini darasin matsarmama

Shekarun baya, lokacin da aka fara shari'a a jiharmu, ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya, mahaifina ya kamu da wani ciwon ciki. Masunci ne, a bakin kogi kusa da Kende aka haife shi, mutumin da ke wuni cikin kwalekwale bai ce wash ba. Amma da ya ci abu mai maiƙo sai ya dafe ƙasan haƙarƙarinsa na dama yana gumi. Ya sha saiwoyi iri-iri, har ƙetaren Benin ya je wajen wani mai magani, duk a banza. Da ƙyar muka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, aka yi hoto, likita ya ce duwatsu ne a matsarmamarsa, wato 'yar jakar nan mai ɗaci da ke manne da hanta. Sai an cire ta, kuma jinkiri na da haɗari.

Baba ya ce sam.

Ni kuwa lokacin ji nake ba wanda ya kai ni sanin cikin ɗan'adam. Na ɗauko babban zanen da muke karatu da shi, na shimfiɗa a tsakar gida, na fara bayani tun daga baki, maƙoshi, tumbi, ƙaramin hanji da babba, ina yi ina jefa Turanci. Wallahi har da ɗan karan nuni. Baba ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Kai, kifi nawa ka taɓa gyarawa? Abin ga in wuƙa ta taɓa shi ya fashe, naman duka ya lalace, ko kare ba ya ci. Shi kake so a fasa a cikina?"

Na sunkuya na sake duba takardar. Zanena bai nuna wannan ba.

Inna, mahaifiyata, tana gefe tana tsince shinkafa. Ita sana'arta farfesun kayan ciki, tun kafin a haife ni take yi. Washegari da hantsi mahauci ya aiko mata da kayan cikin akuya kamar kullum, amma ta sa a kawo mata su a haɗe, ba a raba komai ba. Ta zuba a faranti, ta ajiye gaban Baba.

"Malam, duba nan."

Ta bi hanyar abinci da yatsa, daga maƙoshi zuwa tumbi, ta warware hanjin a hankali ba tare da ya tsinke ba. Ni da rawar kai na yi caraf na ce ai tumbin akuya ɗaki huɗu ne, na mutum ɗaya. Ta harare ni ta ce, "To mun ji, likita. Riƙe mini nan." Na riƙe, ina toshe hanci.

Ta ɗago hantar, ga jakar kore shar a ƙarƙashinta. Ta nuna masa wata siririyar jijiya da ta fito daga hanta ta gangara zuwa hanji, jakar na rataye a gefenta. Ta ce, "Ka gani? Ɗacin daga hanta yake zuwa, wagga tulu ce kawai da ake ajiya. Ko babu ita hanya na nan." Sai ta ciro zare daga bakin zanenta, ta ɗaure wuyan jakar tamau, ta sa wuƙa ta yanke, ta ɓanɓaro ta daga jikin hantar. Ko ɗigo bai zuba ba.

"Ku masunta gaggawa gare ku, shi ya sa kuke fasawa. Shekara nawa kana cin farfesuna, ka taɓa jin ɗaci? Kuma ka tambayi mahauta, raƙumi ba shi da ita ko kaɗan. Mi ya rage shi da shi?"

Baba ya daɗe yana jujjuya jakar a tafin hannunsa. Can ya ce a nemo mota a koma asibiti.

Ranar aikin, ana shirin tura shi ciki, ya kamo hannuna ya ce, "Ka gaya wa likita ya ɗaure kafin ya yanke, kamar yadda uwarka ke yi." Kunya kamar ta kashe ni, amma na je na faɗa. Likitan ya yi dariya ya ce ai haka suke yi, ba su da wata dabara da ta wuce wannan. Bayan 'yan watanni Baba ya koma kogi, ya ci gaba da cin mai maiƙonsa, sai dai da ɗan lura.

Daga baya na duba littattafaina, duk abin da Inna ta faɗa yana ciki, har zancen raƙumin sai da na tabbatar. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba, hannunta ya haddace abin da nake ta fama da shi a takarda. Har yau in na tuna sai in ji ƙwalla, don ni ban tsaya na saurari tsoron da ke zuciyar Baba ba, ita kuwa ta saurara.

Yanzu ni ke koyar da ɗalibai wannan darasi. Zanen yana nan a bango, amma ranar da za mu yi hanta da matsarmama, faranti nake shigowa da shi, da zare a aljihuna.