Taf ɗin da Baba Ummaru ya bari a rami

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaura takalmi da safiyar yau maƙwabcinsa ya kira ni daga Runjin Sambo: Baba Ummaru bakanike ya rasu.

Na ce wane Ummarun? Wai wane Ummarun! Mutumin da jiya-jiyan nan munka ci ɗanwake a kwano ɗaya.

An yi jana'iza, mun dawo, amma na kasa zama wuri ɗaya. In zauna in tashi, in ɗauki waya in aje. Bari dai in rubuta ko zuciyata ta lafa.

Ga wanda bai san shi ba, Baba ne ya koya mini gyaran manyan motoci a garejinmu na hanyar Kalambaina. Har na zama oga nima, bai daina kirana Ɗan Gaggawa ba.

Bai taɓa yi mini faɗa gaban mai mota ba. In na yi shirme sai ya yi tari, ya ce in zo in taya shi neman sifana a bayan rumfa. Can zan sha wankin babban bargo, mu fito yana dariya.

Ranar da ruwan lagireto ya ƙona mini hannu, shi ya goya ni a mashin zuwa asibiti. Ya dinga ɓare mini ƙwai yana tsokanata, wai ango ya samu hutu.

Jiya wani direba, Shehu, ya shigo da mota cike da albasa za shi Kudu, inji na ɗaukar zafi. Baba ya duba ya ce tamostat ce ta mutu, 'yar abar nan da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi. Shehu ya faɗi abin da kowa ke faɗa a garin nan: "Baba, cire ta ka yar kawai. Da ranag ga ta Sakkwato mi za a yi da ita?"

Baba ya ce, "Wanda ya ƙera wagga mota ba mahaukaci na ba. Sabuwa za mu sa."

Muna kwance murfin tamostat ɗin, noti ɗaya ya fito da ɓarɓashin ƙarfe a jikinsa. Tiredin ramin ya cinye tas, zaren nan da noti ke bi ya kama. Wani gwani ya taɓa ɗaure shi da ƙarfin tsiya, ya cusa silin waya don ya riƙe. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah shi shirya mai wanga aiki."

Mafita ɗaya ce: a ɗan faɗaɗa ramin, a yanka sabon tiredi da taf, ƙarfen da ake murɗawa cikin rami ya fidda zare, a sa noti mai ɗan kauri. Kuma sau ɗaya ake yi, don bakin ramin siriri ne. In taf ya karkace ko ya karye a ciki, sai an nemo sabon gidan tamostat ɗin gaba ɗaya daga nesa, albasa kuwa ba ta jiran kowa.

Ya fara. Ya juya gaba kaɗan, ya dawo baya, ya ɗiga mai, ya hure. Ni ina tsaye kamar in fizge in gama. Ya kai rabi anka kira magariba. Ya saki, ya naɗe kan taf ɗin da tsumma, ya bar shi tsaye a ramin.

"Ba a yankan tiredi da duhu," in ji shi. Ya nuna ni da yatsa. "Kai kuma Ɗan Gaggawa, kak ka taɓa. Gobe in Allah ya kai mu ni ka ƙarasawa."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Da munka dawo daga maƙabarta na tarar da Shehu a gindin motarsa. Shi ma da shi anka ɗauki gawa. Kunya ta hana shi yi mini zancen motar. Amma albasa ta fara magana, tun daga bakin titi kana jin warinta, kuma kayan na manoman ƙauyensu ne da sunka ba shi amana.

Na hau na sauka, na sake hawa. Ga taf a tsaye da tsummansa yadda ya bar shi. Wallahi tsoro na ji. Ya ce kada in taɓa, kuma kowa a garejin nan ya san hannuna da nauyi.

Shehu ya ce a hankali, "Oga, in ba ka iyawa yau, a bari."

Na ce, "In an bari wa za ya yi?"

Na yi bisimilla na kwance tsumman. Gaba kaɗan, baya, mai, hurewa. Gumi na shiga mini ido. A wani wuri ya cije, zuciyata ta ce danna. Na tsaya, na dawo baya, na sake ɗiga mai.

Da taf ya fito na ɗauki sabon notin na sa da yatsu, yadda yake cewa noti da hannu ake fara shi. Ya bi sumul har ƙasa.

Ban san lokacin da na juya na ce, "Baba, ya kama!" ba.

Sai bencinsa, da rigar aikinsa a rataye jikin ƙusa.

Shehu ya kama hanya bayan la'asar, inji ba zafi ba yoyo. Ni ne dai har yanzu na kasa sakin tsumman nan.

Ya Allah Ka gafarta wa Baba Ummaru, Ka yalwata kabarinsa, Ka rufa masa asiri yadda ya rufa mana a bayan rumfa. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Direbobi da makanikai da duk wanda ya karanta, don Allah kada ku wuce da gaggawa irin tawa. Ku tsaya ku yi mishi addu'a.