Labbo, Wanda Takarda Ta Mayar Ƙanen Ƙanensa

Takardar sallamar mahaifina daga soja tana wurina, cikin wani gwangwanin shayi. Ta yi ja, ta tsage a wajen ninki. A layin haihuwa akwai shekara biyu: ɗaya an soke ta, ɗaya an rubuta a samanta. Tun ina kolej a Damagaram na iya karanta ta, kuma har yau in na buɗe sai raina ya ɓaci.

Sunansa Labbo, mutumin wata ruga kusa da Dogo-Dogo. Irin mutanenmu ne, noman gero da damina, bin shanu da rani. Gajere, siriri, gemu ya ƙi fito masa har ya koma ga Allah. Rashin gemun nan ne ya ja masa. A 1935 aka zo ɗibar soja, mai gari ya rasa wanda zai bayar, ya tura shi, alhali ya haura talatin. Likitan Nasara ya buɗe masa baki kamar mai sayen jaki, ya ce shekara ashirin. Aka rubuta 1915. Wa ya tambaye shi? A wurinsu duk wanda aka ɗiba shekararsa ashirin, ko da jika gare shi.

Ya yi shekara uku a Bilma yana gadin rairayi, ya dawo da tari da takarda. Takardar ya soke ta a jinka, bai san abin da ke ciki ba.

Kakar 1939, gero ya nuna, sai ga gardi, dogarin Nasara, bisa doki. Faransa za ta yi yaƙi da Jamus, ana kiran tsofaffin soja, duk wanda bai kai talatin da biyar ba. Gardi ya ce sunan Labbo na ciki, a littafi shekararsa ashirin da huɗu, kwana goma ya kai kansa Magarya.

Ƙanensa Hamman ya yi dariya, ya ce, "Yaya, ashe ni ne babba? To daga yau ka riƙa gaishe ni a durƙushe."

Ba wanda ya taya shi dariyar. Innata Fadi tana da goyo, gona ba a girbe ba, ga tarin nan da ko gudun ɗan maraƙi ba ya barinsa ya yi. Iyaka kuma ga ta nan kusa, mutane suka ce ya tsallaka ƙasar Ingilishi. Ya ce in ya gudu Hamman za a kama, a kora shanu. Ya ƙi.

Innata ta ce a kwanakin nan bai zauna ba. Ya ɗauki magirbi ya aje, ya je garke ya dawo, ya zaro takardar yana juya ta kamar zai ga ƙaryar da idonsa. Rana ta uku ya kama hanyar Magarya a ƙasa. A bakin biro, ofishin kwamanda, ya sami tafinta, wani Maina, ya karanta masa. Maina ya ce magana ɗaya ce: ya kawo wanda ya ga haihuwarsa ya yi shaida gaban kwamanda.

Uba ya rasu, ungozoma ta rasu. Saura uwarsa, Dada. Nan fa ake yinta, domin Labbo ɗan fari ne. Wanda bai san mu ba bari in gaya masa: a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta cewa nata ne. Kakarsa ce ta raine shi. Dada "wancan" take ce masa, shekara da shekaru.

Aka aza ta bisa takarkari, kwana biyu suna hanya, ita da Labbo da Hamman. Kwamanda yana zaune a inuwar baranda, ya tambaya ta bakin Maina: "Wannan ɗanki ne?"

Dada ta juya fuska wajen bango. Aka maimaita. Ta ce, "Ɗan mutanen gidanmu ne."

"Sunansa fa?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kwamanda ya ce an yi hayar tsohuwa ne don a yi masa ƙarya, ko sunan mutumin ba ta sani ba. Ya sa a fitar da su. Maina kuwa, da aka haifa cikinmu ya san al'adar sarai, bai yi wa kwamanda bayani ba. Ni shi na fi jin haushi. Nasara baƙo ne, jahilcinsa da dalili. Shi fa?

A gindin wata tsamiya bayan bariki Hamman ya hau faɗa. "Haba Dada! Suna ɗaya! Ki faɗa sau ɗaya, ƙasa ba za ta tsage ba. Saura kwana biyu a tafi da shi!"

Labbo ya ce, "Hamman, rufe bakinka. Gara a kai ni Jamus da a ce ni na sa ta."

Ya tashi ya nufi kasuwa, ya dawo, ya sake tashi. Ya kwance takarkari ya sake ɗaure shi. Dada tana zaune tana zane da tsinke a ƙasa. Da la'asar ta ce wa Hamman ba za ta koma gida ba, gobe a mayar da ita wurin kwamanda.

Da hantsi ta tare Maina a bakin biro, ta ɗora masa sanda a ƙirji.

"Kai ɗan wa ne? Uwarka ba ta yi ɗan fari ba?"

"Ta yi, Inna. Ni ne."

"To ashe ka san abin da ka yi. Shiga ka ce wa Nasaranka ya tambaye ni wannan." Ta nuna Hamman.

Maina ya shiga, ya daɗe, sannan aka kira su. Wannan karon bakin Dada ya buɗe. Ta ce wannan Hamman ne, ita ta haife shi, a shekarar Kakalaba, yunwar da mutane suka tona gidan tururuwa neman hatsi. Ta ce a kan hanyar kudu ta haife shi, suna gudun yunwa da shanu bakwai, mijinta yana kwance ba ya iya tashi.

Kwamanda ya san Kakalaba, tana cikin littafinsu: 1914. Ya ce, "Miji yana kwance, ke kina jego. Wa ya kora shanun?"

Dada ta ce, "Wanda ya riga wannan shan nonona. Lokacin ya yi kaciya, ya gama famfara, shi ke jan guga shi kaɗai. Damina goma sha ɗaya ke tsakaninsu. Na binne uku a tsakani, ba zan mance ba."

"Yana ina?"

Ba ta waiwaya ba. Sandar ta miƙa ta bayanta, ta taɓa ƙafar Labbo.

Maina ya yi dogon bayani da Faransanci, wanda ya kamata ya yi tun jiya. Kwamanda ya dubi Hamman da gemunsa, ya dubi Labbo, ya dubi takarda. In an haifi ƙane a 1914, yaya za a yi a haifi wansa a 1915? Ya soke, ya rubuta 1903, ya buga hatimi, ya cire sunan daga cikin masu tafiya. Ko haƙuri bai ba su ba. Kuskurensu ne, amma tsohuwa ce ta yi kwana huɗu bisa takarkari.

Sallau, tsaran Baba, tare aka yi musu kaciya, tare aka rubuta musu 1915. Shi uwarsa ta rasu, ba mai shaida. Ya tafi, bai dawo ba.

A hanyar gida Dada na gaba, Baba na can baya kamar kullum. Da suka hango gonarsu ta ce wa Hamman, "A ce wa wancan tsuntsaye na cinye gero." Baba bai shiga gida ba, magirbi aka miƙo masa ta kan danga. Shekara bakwai bayan nan aka haife ni. Na tarar da Dada da ranta, kuma ban taɓa jin ta kama sunansa ba.