Tawada a Hannun Dama

Har gobe ina tuna wata Laraba cikin damina, lokacin ina jami'ar bin diddigin rigakafi a Haɗeja. Aikina, ku da kuka zo daga baya, shi ne in an ce allura ta cutar da yaro, in je in gani da idona, in rubuta rahoto.

Da safe shugabanmu ya kunna mini saƙon murya da ke yawo a wayoyi: wai an yi wa wata yarinya allurar ƙyanda a wani ƙauye cikin fadama, bayan kwana uku ta rasu. Har an kama sunan Talatu, ma'aikaciyarmu 'yar garin, mutanen garin sun ba ta wa'adi ta tattara 'ya'yanta ta bar musu gari kafin Juma'a.

"Hajiya, tashi ki je," in ji shi. "Kada ki dawo mini da 'an ce'."

Na hau babur, na shiga kwalekwale, wallahi zama ya gagare ni. Da na isa ƙauyen, sau uku ina duba rajistar Talatu, babu sunan yarinyar. To, wa zai yarda da takarda? Hujjar mutanen garin, tsohuwar da ta yi wa gawar wanka ta ga tawada a yatsanta, alamar da muke sa wa duk wanda aka yi wa allura.

Na sami tsohuwar. "Iya, a wane hannu kika gani?"

"Dama mana, 'yar nan. Ni na riƙe shi."

Mu ƙaramin yatsan hagu muke shafa wa, ba ma canzawa.

Na shiga ɗakin uwar na yi ta'aziyya. Ina ambaton hannun dama ta fashe da kuka. "Ni na shafa mata shuni don masu allura su wuce mu. Zazzaɓi take yi, na ji tsoro. Malam, maigidana, bai sani ba."

Innalillahi! In faɗa, na tona asirin mai makoki. In yi shiru, a kori Talatu. Na fita tsakar gida, na dawo, na sake fita, na rasa inda zan sa kaina.

Can sai uwar ta jawo hijabinta. "Talatu ce ta karɓi haihuwar yarinyar nan," in ji ta. "Kira mini Malam."

Ranar Juma'a mijin da kansa ya miƙe a masallaci ya wanke Talatu, bai kama sunan matarsa ba. Ni ma a rahotona na rubuta cewa ba a yi wa yarinyar allura ba, na tsaya nan.

Abin da na koya ke nan: gano gaskiya ba ya wuce yini guda. Wahalar ita ce fito da ita ba tare da an ƙara wa uwa wani ciwon ba.