Gatari Ake Kira, Sunansa Kailani

Da an idar da sallar asuba a Tudun Wada, kafin mai koko ta sauke tukunya, sai ka ji tau! tau! daga bayan masallaci. Kailani ke nan. Yakan tofa yawu a tafin hannu, ya juya gungume da ƙafa yana neman inda zai tsage, don a cewarsa kowane ice yana da ƙofa, wawa ne ke dukan bango. Sannan ya ɗaga, ya sauke. Haka yake tun kafin a kwashi samari zuwa yaƙin Bama.

Ƙalilan ne suka san sunan nan nasa. Gatari ake ce masa. "Je ka kira Gatari." "Gatari bai zo ba?" Na daɗe ina juya kalmar nan a baki. Ba gizago ba ne, wanda masassaƙi ke lallaɓa turmi da shi. Gatari ƙarfe ne da ƙota, aikinsa raba abin da ya ƙi rabuwa, in an gama a jingine shi bayan ƙofa. Ba wanda ke yi wa gatari sannu. Ashe unguwa ta raɗa wa mutumin nan suna daidai da yadda take riƙe da shi.

Da faskaren itacen girki yake ci. Amma akwai faskaren da bai taɓa karɓar ko anini a kansa ba, wato itacen da ake jerawa a kan mamaci kafin a tura ƙasa. Da ya ji salati ya tashi a wani gida, ba ya jiran aike. Ƙirya yake sawa, don gara ba ta cin ta, ya tsaga ta daidai faɗin kabari. Malam Gwadabe mai wankan gawa ya shaida mini cewa a shekarar sanƙarau hannun Kailani ya yi ta jini, sai ya naɗe shi da tsumma ya ci gaba. Baƙon nan da ya faɗi a tashar jirgi, wanda ba a san garinsu ba, itacen Kailani ne a kansa.

Kai ne rufin ƙarshe na kowa a unguwar nan, Kailani. Mai bene da mai bukka, duk a ƙarƙashin aikinka suke kwance.

Bara kafaɗarsa ta dama ta fara mutuwa. Ba shi da ɗa, ba shi da ƙane, ya kuma san ba wani mai faskaren ƙirya a kusa. Sai ya taka har Dutsen Abba ya samo mai kyau, ya yi ta tsaga ta yau kaɗan gobe kaɗan, yana cije baki. Ya ɗaure, ya jingine bayan ɗakin da yake haya a gidan Alhaji Nagoda, ya lulluɓe da tsohon zana. Wannan nasa ne. Daga shi hannun bai sake ɗaga gatari ba.

Da daminar nan aka yi sunan jikan Alhaji, itacen girki kuma duk ya jiƙe. Kailani ya dawo daga wajen wanzami, inda aka yi masa ƙaho, ya tarar da zanansa a yashe a ƙasa. Tun daga zaure hancinsa ya gaya masa abin da ke ci a murhu. Hajo ƙanwar Alhaji, wadda ke kan girkin, ta fito da akushi tana fara'a.

"Baba Gatari, Allah ya yi maka albarka! Wannan ice naka sai ka ce gawayin maƙera, ko hayaƙi babu."

"Hajo, wa ya ba ku?"

"Yo mai faskare ya yi rowar ice? Kai ma dai! Sai ka faskara wani. Ga tuwonka, har da tsoka."

"Na kabarina ne."

Ta waiga ta dubi murhun. Can ta ce, "Haba Baba, ana suna kana kira mana mutuwa?" Ta dire akushin ta koma ciki. Da yamma Alhaji ya aiko da goro, wai a yi haƙuri.

Ya ci tuwon, don tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Da na je yi masa jaje, abin da ya ce da ni kawai shi ne, "Ya dahu sosai. Ƙirya ce ai."

Mun gode, Kailani, ko da yake godiya ba ta rufe kabari. Allah ya biya ka, tunda mu mun kasa.

Ku kuma samarin Tudun Wada, gatarin na nan jingine a ƙofar ɗakinsa, har yanzu yana wasa shi da hannun hagu. Hanyar Dutsen Abba ba ta ɓace ba. Wani ya je ya karɓi gatarin, ya fara da itacen kabarin mai shi. In kun je kuwa, ku yi sallama ku kira shi Kailani. Ya ji sunan ko sau ɗaya, kafin ranar da za a sanar da shi a ƙofar masallaci ku tsaya kuna tambayar wane ne.