Hannuwana a Bangon Asibiti

Jiya na raka maƙwabciyata awo asibitin Ƙaura, ina zaune a layi sai na ga hannuwana a bango. Takarda ce aka manna kan abincin yara, da hoton wata mata tana shiƙar gero, ba fuska. Da tabon ƙunar babban yatsana na gane.

Ɗana na fari ya ɗauka bara da kaka. Sana'arsa ke nan a Abuja, ya zuba hotuna a intanet, mai so ya saya. Rabona da ganinsa tun ranar.

Na fita waje na kira shi. Kun san kunyar ɗan fari, ban taɓa kama sunansa ba, balle in ce ina kewarsa. Sai na ce, "Gero ya nuna hwa. Ko kana son wasu hotunan?"

Ya yi dariya. "Haba Inna, waɗanda na ɗauka sun ishe ni shekara biyu."

Na ce to, Allah shi yi albarka. Na koma na zauna ƙarƙashin hoton har aka kira maƙwabciyata.

Da girmana na koyi rubutu, ku yi haƙuri da shi. Iyaye mata, ku yaya kuke ce wa ɗan fari ya taho gida?