Ranar da Aka Hana Inna Makara

Ni nonon Bafulatana na sha, kuma a garinmu babu babban da bai san haka ba. Ina jariri mahaifiyata ta kwanta ciwo, nono ya ƙafe, ana ta ɗura mini kunu ina amayarwa. Wata mai tallar nono da ke shigowa gidanmu daga ruga, goye da nata ɗan, ta sauke ƙwarya ta ce a miƙo mata ni. Tun daga ranar kullum sai ta biyo, har aka yaye mu tare da ɗanta. Inna nake ce mata. Ɗan nata kuwa ɗan'uwana ne a shari'a, ba a fatar baki ba, ƙannensa mata sun haramta gare ni kamar nawa na ciki ɗaya. Shi yana ce mini Kaɗo, wato Bahaushe a bakinsu, ni ina ce masa Bahillace, mu zagi juna son rai sannan mu sa hannu a akushi ɗaya.

Garinmu ƙarami ne, yana gefen hanyar da ta tashi daga Tambuwal ta nufi Kebbe, hanyar nan mai cinye tayar babur. Ba zan yi ƙarya in ce a da lafiya lau muke zaune da mutanen ruga ba. Kowace damina sai an yi rigimar ɓarna. Mu ce shanu sun shiga gero, su ce mun nome burtali, kuma duk biyun gaskiya ne. A fadama ma haka, mai lambu yana son ruwa, mai shanu yana son ruwan. Amma da an gama girbi, manoman da suka fi kowa zagi da damina su ne ke rige-rigen zuwa ruga, kowa yana lallashi a sauke garke a gonarsa don taki. Ƙasarmu rairayi ce, in babu kashin shanu ba ta ba ka komai. Su Inna a gonarmu suke sauka duk rani, tun zamanin kakana.

Abu guda da ban taɓa ganin an yi jayayya a kansa ba shi ne mutuwa. Mutanen ruga ba su da maƙabarta, ba su da makara. In an yi musu rasuwa sai su aiko, Ladan ya buɗe ɗan ɗakin da ke jikin masallaci, a fito da makarar ƙarfe da diga da shebur. Matasa su tafi gina, Liman ya sallaci gawa, a rufe ta a maƙabartar gari. Lokacin da aka ƙera makarar ma da hannunsu a ciki, maraƙi suka bayar. Mijin Inna a maƙabartar nan yake kwance. Mahaifiyata ma a can take, kuma ranar da aka rufe ta Inna ta kama hannuna ta ce in tata ta zo, in tabbata an kai ta kusa da ƙawarta. Na ce to. Ban ma ɗauke shi alkawari mai nauyi ba, don ban ga abin da zai hana ba.

Sai ga shekarun nan da daji ya lalace. Masu bindiga suka riƙa tare hanya, suna kore shanu, suna ɗauke mutane. An ji suna Fulatanci, shi ke nan, duk mai sanda da malfa ya zama ɓarawo a idon mutanen garinmu. Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa ɗan'uwana ma sun kore masa mafi yawan garkensa. Aka hana matan ruga shigowa da nono, aka hana sayar musu da hatsi. Ana cikin haka aka harbe ɗan Ladan a hanyar Kebbe, yana dawowa daga kasuwa. Yaron kirki ne, na yi kukansa, kuma ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Da bazarar shekarar, ranar wata Talata da hantsi, ɗan'uwana ya kira ni a waya, tunda gari ya fi ƙarfin shigarsa. Ya ce, "Kaɗo, Inna ta cika." Na ce ga ni nan zuwa da makara. Na zura takalmi na nufi masallaci, na tarar da Ladan zaune a inuwa yana jan carbi.

Na ce, "Ladan, an yi rasuwa. Ba ni makulli."

Ya yi salati, ya sa hannu a aljihu, ya ce, "Wa yar rasu?"

"Innata ta ruga."

Ina kallon hannun nan ya fito daga aljihu babu komai. Ya ce, "Makulli ba shi hannuna."

"Ga shi nan cikin aljihunka nika jin motsinai."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ja. Ya ce, "To shina nan. Makarar da tad ɗauki ɗana ba ta ɗaukar Bahillata."

Ni mai zuciya ne, kowa ya sani, amma wallahi na fara da lallashi. Na ce masa zafin da yake ji na sani. Na ce tsohuwar nan ta fi shekara ba ta iya tashi daga shimfiɗa sai an tashe ta, da wane hannu ta harbi ɗansa? Na tuna masa ita ce take aiko wa matarsa man shanu duk haihuwa. Ya ci gaba da jan carbinsa kamar da bango nake magana. Nan raina ya ɓaci, murya ta ɗaga, mutane suka fara taruwa.

Da taron ya tsaya ya yi shiru ma da na gode. Wani ya ce su kai ta daji mana, ai can 'yan'uwansu suke. Wani ya ce yau a ba su makara, gobe su ƙirga ƙofofin gari su kai rahoto. Wani daga baya, wanda muka yi makarantar allo tare, ya ce, "Ku ƙyale shi, nonon da ya sha ne ka magana." Aka yi dariya. A bakin masallaci, ana maganar gawar Musulma, aka yi dariya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Na ce kai, geron da ke rumbunka kashin shanun wa ya ba ka shi? Kai kuma, da ɗanka ya karye, wa ya ɗora shi in ba tsohon ruga ba? Na kira su marasa kunya, na kira su butulu, na faɗi wasu kalmomin da ba zan rubuta ba. Ban janye ko ɗaya ba har yau.

Daga nan na wuce gidan Liman. Ƙanen mahaifina ne, a gabansa na sauke Alƙur'ani, kuma a bakinsa na fara jin cewa binne Musulmi wajibi ne a kan duk wanda ya ji labari. Na same shi a zaure tsakiyar littattafansa. Labari ya riga ni isa, don ko gaisuwata bai bari na ƙarasa ba.

Ya ce, "Kana da gaskiya. Littafi na tare da kai."

"To tashi mu tai, Baffa."

Ya shafa gemu. Can ya ce, "In na tashi, gobe ba mai bi na salla. Garin ga zafi shika yi. Ka bari shi huce."

"Gawa na jiran gari shi huce? Cikin wagga rana?"

Sai ya ɗaga gefen buzunsa ya jawo yadin likkafani, ya miƙo mini, ya ce in cusa cikin riga kada a gani. Ladan ya ba ni haushi, amma shi ɗa ya rasa. Wannan kuwa babu abin da ya rasa sai zuciya. Tun da nake ban taɓa jin na raina babba ba sai ranar, kuma raini ne da ya zauna. Na karɓi yadin don Inna tana bukatarsa. Na warware shi na yafa a kafaɗa, na ratsa tsakiyar gari da shi, duk mai ido ya gani.

Na ce a raina, da makara ko babu, a hannu ma za mu kawo ta. Sai na biya ta maƙabarta in duba wurin da za mu gina. Tun daga nesa na hango matasa zaune a bakin shinge, da sanduna da adduna, wasunsu 'ya'yan abokaina. Na tsaya ina hangen wajen da kabarin mahaifiyata yake, da ɗan filin da ke gefensa, wanda da ya ishi Inna har da saura. In na kawo ɗan'uwana nan da gawar uwarsa, gawa biyu za a yi, ko uku. Na juya.

A gida na cire ƙyauren zaurena, na ɗaure a bayan babur da diga da fartanya, na kama hanyar gona, inda rugar take. Rana ta take, iska kamar daga bakin murhu.

A ruga mata suna kuka ƙasa-ƙasa cikin bukka. Maza kaɗan ne, suna zaune a gindin gawo. Ɗan'uwana ya taso, ya dubi bayana ko akwai masu biyo ni. Babu kowa. Ya dubi ƙyauren.

Ya ce, "Wannan ce makarar da garinku ya aiko?"

Na gaya masa yadda aka yi, ban rage ba. Wani tsoho, ƙanen mijin Inna, ya tofar da yawu ya ce da Hausa, don in ji da kyau, "Na daɗe ina gaya muku Haɓen gari ba su da amana. Ga wanda kuka shayar, ga abin da ya kawo muku." Na haɗiye. Sai ya ƙara da cewa shi ɗan Ladan ɗin ma wa ya san abin da ya yi aka harbe shi. Nan na yi kansa. Da ba a riƙe ni ba da na mari tsoho a gidan mutuwa. Na ce masa yaron nan gishiri da omo ya je saye, kuma bakin da ya faɗi wannan magana bai fi na mutanen bakin masallaci tsarki ba. Na baro masu cewa nono ya lalata ni, na zo na tarar da mai cewa nonon asara aka yi. Ranar kowa na tsana, gari da ruga.

Ɗan'uwana ne ya raba mu. Ya ce rana tana yi, ina za a sa ta? Na ce a nan, gonata ce, in ga wanda zai hana ni. Muka zaɓi gefen gabas, kusa da wata aduwa. Ni da shi muka yi ginar. Rairayin sama ne kawai mai sauƙi, ƙarƙashinsa ƙasa ta bushe ta yi tauri, diga tana tashi da ƙara. Muna karɓa-karɓa, babu mai ce wa wani sannu. Mata suka yi mata wanka, suka sa ta a yadin da na kawo. Ƙyauren kuwa, ɗan'uwana ya ce uwarsa ba za ta hau shi ba. A tabarma muka ɗauko ta, kuma da na kama gefe tsohon ya buɗe baki, ɗan'uwana ya yi masa wata magana da Fulatanci, ya yi shiru. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Tsohon ne ya ja salla, sahu ɗaya, shi ma bai cika ba. Muna cikin mayar da ƙasa muka jiyo Ladan yana kiran La'asar daga gari, muryarsa tar.

Na kasa cika alkawari. Matar da ta raya ni ta roƙe ni abu ɗaya, ramin da bai fi tsawonta ba, na kasa samo mata. Na zauna a bakin kabarin na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar mutuwar mahaifiyata.

Ba a yi sadakar bakwai ba na je gona na tarar suna kwance bukkoki, suna ɗaure kaya a kan jakuna. Ɗan'uwana ya hango ni ya taho. Ya rame, sandarsa a kafaɗa. Ya ce za su tashi.

Na ce, "Ina kuka nufa?"

"Ba zan gaya maka ba. Za a tambaye ka, kai kuma ɗan gari ne."

Na ce ashe har ni? Ya nuna gindin aduwa da sanda, ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. In ruwa ya sauka, kada garma ta bi ta kanta."

Raina ya sake ɓaci. Na ce, "Har sai ka roƙe ni? Ni ma uwata ce."

Ya dube ni, babu faɗa a fuskarsa, babu wasa. Ya ce, "Da uwarka ce, da tana maƙabarta."

Ya juya ya bi sauran shanunsa, bai ba ni hannu ba.